Tarar Gidan Banksia

Ranar Talata suka zo, mata biyu da namiji ɗaya,
katin shaida rataye a wuya,
takalmansu ba sa ƙara a kan daɓe.
Tun daren Litinin aka ji ƙishin-ƙishin zuwansu:
aka wanke labule, aka sa fure a kwalba,
aka aske mini gemun da ya kwana goma sha ɗaya
yana jiran reza.

Ni ne Desmond Harkin, ɗaki na tara.
Shekara arba'in ina sausayar tumaki
daga Dubbo har bakin Bourke,
ɗari da tamanin a wuni, in baya ya yarda.
Yau ni ake juyawa kamar tunkiya,
sai dai ni ban taɓa barin tawa
ta kwana cikin fitsarinta ba.

Babbarsu, Misis Prendergast,
ta ja kujera ta zauna daidai idona.
Ta ce, in ka danna ƙararrawa, minti nawa?
Na ce, tambayi Lindsay.
Ta dubi gadon da ke gefena,
katifa tsirara, bargo a naɗe.

Ƙarfe biyun dare Lindsay ya danna.
Ni na ƙirga masa da agogon bango,
na taya shi kira har murya ta dushe.
Marilou kaɗai ke kan mutum talatin da huɗu,
tana can ƙarshen baranda, wata ta faɗi a bayi.
Huɗu saura kwata ta shigo a guje,
fitilar kiran na nan tana ci,
tasa ta riga ta mutu.

Bayan sati bakwai takarda ta fito,
aka manna ta a ƙofar shiga, inda baƙi ke sa hannu.
Tarar dala dubu ɗari bakwai da tamanin.
An zare musu tauraro biyu cikin uku.
Ba su ba karɓar sabon tsoho sai bayan wata shida.
Ga kuma mai sa ido, littafi a hammata,
tana leƙa firji, tana ƙirga ƙwayoyi.

Noelene ta karanta mini ta waya, murya na rawa:
Baba, an hukunta su!
Na ce, madalla, 'yata. Wa za a ba kuɗin?
Ta yi shiru.
To, Lindsay dai ba shi da aljihu yanzu.

Ba zan ce ba a ga canji ba,
ƙarya ba ta kamaci mai tamanin da shida ba.
Yanzu mutum uku ke kwana a kanmu.
Shekaranjiya na danna don gwaji kawai,
minti huɗu sai ga yaro yana haki,
na rasa ta cewa, na ce ruwa.
Manaja ya tafi, wai an mai da shi wani gidansu a Orange,
da motarsa, da lambar yabonsa.
Biskit ɗin shayi ya sauko daga biyu zuwa ɗaya.
Marilou kuwa an sallame ta:
an bar jaki ana dukan taiki.
Ta zo ta gyara mini matashi kafin ta fita,
ba ta ce komai ba, ni ma haka.

Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne wannan:
wata shida gadon nan ba mai hawa.
Ba tari, ba munshari,
ba mai yi mini gardamar wasan kurket.
Ashe a cikin tarar har da rabona.

Ƙarfe biyu nake farkawa, ba fashi.
Igiyar ƙararrawarsa na rataye inda ya sake ta.
Nakan miƙa hannu, ba ya kaiwa,
sai in bi agogo da ido
har huɗu saura kwata.